Hoto Ba Murya: Tarihin Gyaran Talabijin Mai Kwalba da Haɗa Shi da Na'urar Gem a Kano

Gyaran rediyo da talabijin yana cikin sana'o'in da ba su da sarki a tsarin sana'o'in gargajiya na Kano, domin ba a gadonsa kamar yadda ake gadon ƙira ko jima ko rini, amma duk da haka ya shafe shekaru fiye da sittin yana riƙe gidaje, yana kuma yaye matasa masu ilimin lantarki da ba a makaranta suka samo shi ba. Abin da ya fi ba wannan sana'a siffarta a Kano shi ne kusan dukkan na'urorin da suke zuwa hannun mai gyara an ƙera su ne domin wasu ƙasashe, masu ƙarfin wuta dabam da ƙa'idojin watsa shirye-shirye dabam, saboda haka aikinsa bai tsaya ga tayar da abin da ya mutu ba, ya haɗa da sasanta na'urorin da ba a yi su domin su zauna tare ba. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a matsalar sauti, wato akwatin da yake nuna hoto tangaran amma babu murya, matsalar da ta bi talabijin mai kwalba tun daga zamanin kayan hannu na Turai har zuwa yau da masu sha'awar tsofaffin wasannin gem suke neman farfaɗo da shi.

Nassarawa da shigowar na'urorin sauti

Bayan da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun kafa mazauninsu a gabashin ganuwa, a yankin Nassarawa inda Sarkin Kano yake da gidan hutu, kuma daga nan ne unguwar da aka keɓe wa ma'aikatan gwamnati ta samo asali, wadda ake kira Nassarawa GRA. A wannan yanki ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, kuma cikin sassanta har da na koyar da sana'o'in hannu. Isowar jirgin ƙasa a 1911 da kafuwar Sabon Gari jim kaɗan bayan haka sun samar da tsarin da ya daɗe yana aiki: sabuwar na'ura takan fara sauka a gidajen Turawa da manyan ma'aikata da attajirai a Nassarawa da Bompai, masu gyaranta su kafa shaguna a Sabon Gari da Fagge, sa'annan idan ta tsufa ko ta yi araha ta ratsa cikin birni.

Rediyon da yawancin Kanawa suka fara sani ba ya kama tasha ta iska. A 1944 aka buɗe tashar rarraba shirye-shirye ta waya a Kano, tsarin da ake jan waya daga tasha zuwa akwatunan lasifika a gidajen masu biyan kuɗi da wuraren taruwar jama'a, don haka aikin farko na masu kula da sauti a garin shi ne bin waya domin gano inda ta yanke ko inda ta saki. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ne kuma Bello Dandago da Isa Kaita suka yi aikin watsa labarai da Hausa daga Accra, kuma sunan na farkon ne gidan Rediyon Kano yake ɗauke da shi a yau. Da rediyo mai taransista ya yawaita a shekarun 1960, wanda yake aiki da batir kuma ana iya rataya shi a kafaɗa, sai sauraron Rediyon Kaduna da sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, ya zama al'adar kowane zaure, bukatar masu gyara kuma ta ƙaru. Ficewar dubban ma'aikatan hannu 'yan kudu daga Arewa a rikicin 1966 ta bar giɓi a irin waɗannan sana'o'i, kuma hakan yana cikin abubuwan da suka tura matasan Hausawa shiga cikinsu.

Talabijin da kuɗin Udoji

Tashar talabijin ta farko a Nijeriya ta fara aiki a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, ta Arewa kuma ta biyo baya a Kaduna a 1962. Sai dai akwatin bai zama kayan gidan matsakaicin ma'aikaci ba sai a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka ƙaru, aka kuma biya ma'aikata ƙarin albashin da ake kira Udoji tare da ariyas a farkon 1975. Kano, wadda ta zama hedikwatar jiha tun 1967, ta tara manyan ma'aikata a Nassarawa GRA, kuma a irin waɗannan gidaje ne akwatunan Philips da Grundig da National da Sony da Sharp suka fara zama kayan falo. An kafa Hukumar Talabijin ta Ƙasa, wato NTA, a 1977, ta haɗe tashoshin da ke akwai, sa'annan gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa tashar jiha mai suna CTV 67 a farkon shekarun 1980, wadda daga baya aka mayar da sunanta ARTV domin tunawa da shi.

Akwatin wancan zamani ya dogara ne ga kwalbar hoto, wadda asalinta ke komawa ga binciken Bajamushe Karl Ferdinand Braun a 1897. Kwalba ce ta gilashi mai kauri da aka zuƙe iskar cikinta, a wuyanta akwai abin da yake harba ƙwayoyin lantarki zuwa fuskar gilashin, wadda aka shafe da sinadarin da yake haske idan ƙwayoyin suka same shi, yayin da naɗin waya mai maganaɗisu yake karkatar da harbin layi bayan layi har hoto ya cika. Domin wannan aiki, akwatin mai launi yana bukatar ƙarfin lantarki da ya kai kimanin bolt 25,000, wanda wata taransifoma ta musamman take samarwa, kuma kwalbar tana iya riƙe ragowar wannan caji bayan an zare fulogi. Saboda haka darasin farko da maigidan shago yake koya wa yaronsa shi ne yadda ake sauke cajin kafin a kai hannu.

Kayan hannu da rikicin ƙa'idoji

Shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986 ya karya darajar naira, sabon talabijin ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata, kasuwa kuma ta koma ga kayan hannu daga Turai, waɗanda suke shigowa ta tashoshin ruwa na Legas da Kwatano, su bi ta kasuwar Alaba, su iso shagunan Sabon Gari. Waɗannan akwatuna sun zo da matsalar da mai saye ba ya ganinta sai ya je gida. Nijeriya ta ɗauki tsarin launi na PAL, wanda Walter Bruch ya ƙirƙiro a kamfanin Telefunken na Jamus a farkon shekarun 1960, mai layuka 625, amma tsarin launi ɗaya ba ya nufin tsarin sauti ɗaya. A watsa shirye-shirye irin na da, hoto da sauti suna tafiya ne a kan zango biyu maƙwabta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: megahaz 5.5 ce a Nijeriya da Jamus, 6.0 a Ingila, 6.5 a Gabashin Turai da Sin, 4.5 kuma a Amurka da Japan.

Ma'anar wannan ita ce akwatin da aka ƙera domin Ingila yana iya kama hoton tashar Kano amma ya nemi sauti a inda babu shi, sai lasifika ta riƙa fitar da shuuu kawai. Maganin da masu gyara suka ƙware a kai shi ne cire wata 'yar matata mai ƙafa uku, wadda aikinta shi ne barin zangon sauti kaɗai ya wuce, a maye gurbinta da mai lamba 5.5, a canja takwararta da take hana sauti shiga hoto, sa'annan a daidaita naɗin wayar da yake fassara sautin idan akwatin yana da shi. Akwatunan Ingila suna da ƙarin nakasu, domin yawancinsu zangon UHF kawai suke kamawa, don haka sai an canja musu na'urar kama tasha kafin su ga tashoshin da suke watsawa a zangon VHF. Kayan Faransa da na Jamhuriyar Nijar kuwa, waɗanda suke bin tsarin SECAM, suna da nasu rikicin na launi da na sauti. Wannan ne ya sa akwatunan da 'yan kasuwa da alhazai suke kawowa daga Dubai da Jidda, waɗanda da yawansu an ƙera su domin su karɓi tsari fiye da ɗaya, suka yi daraja a kasuwa.

A daidai wannan lokaci ne bidiyon kaset ya mamaye gidaje, da finafinan Indiya da farko, sa'annan da na Hausa bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Manazarci Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi bayanin yadda lalacewa da gyara da gurɓataccen sauti suka zama wani ɓangare na yadda Kanawa suke mu'amala da na'urorin sadarwa, ya kuma bibiyi harkar kaset a kasuwar Ƙofar Wambai. Ga mai gyara, bidiyo ya kawo sabuwar bukata, wato shigar da hoto da sauti cikin akwatin daga wata na'ura da ke kusa da shi maimakon daga iska.

Zuwan na'urar gem

Na'urorin wasa na gida sun bi hanyar da talabijin ya bi. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a Japan a 1983, Sega ya fitar da Mega Drive a 1988, Sony kuma ya fitar da PlayStation a ƙarshen 1994, kuma yaran gidajen da iyayensu suke fita waje, irin na Nassarawa GRA, suna cikin waɗanda suka fara samunsu. Abin da ya kai wasan ga sauran jama'a shi ne kwaikwayon Famicom mai araha da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, da kuma gidajen gem da suka bazu a unguwanni, inda ake jera tsofaffin akwatuna a kan benci, a tayar da janareta, yara su biya kuɗi kaɗan su buga Mortal Kombat ko wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami. Mai gidan gem ya zama babban abokin cinikin mai gyara, domin akwatunansa suna aiki tun safe har dare cikin zafi da ƙura da wutar da ba ta tsayawa a ma'auni ɗaya.

Na'urorin farko suna haɗuwa da talabijin ne ta ramin eriya, wato suna aiki kamar wata ƙaramar tasha, don haka rikicin ƙa'idojin sauti ya sake dawowa: gem ɗin da aka saya a Landan yana aika sautinsa da tazarar 6.0, wanda aka saya a Amurka da tazarar 4.5, akwatin da aka daidaita wa tashoshin Kano kuma yana jiran 5.5. Na'urar Amurka ko Japan tana ƙara wasu matsaloli biyu, domin hotonta na tsarin NTSC ne, wanda yake fitowa fari da baƙi ko ya riƙa birgima a akwatin PAL, kuma an yi ta ne domin wuta mai bolt 120 ko 100, don haka jona ta kai tsaye ga wutar Nijeriya mai bolt 230 yakan ƙona ta idan babu taransifomar rage wuta. Hanya mafi tsabta ita ce a kauce wa ramin eriya gaba ɗaya, a yi amfani da wayoyi uku masu launi, rawaya domin hoto, fara da ja domin sautin hagu da na dama. Yawancin tsofaffin akwatuna ba su da waɗannan ramuka, wasu na Turai kuma suna da soket mai ƙafa 21 da ake kira SCART, wanda yake bukatar mahaɗi na musamman. Daga nan ne aikin huda bayan akwati da dasa masa sababbin ramuka ya samo asali.

Yadda ake bin sawun sauti

Domin fahimtar wannan aiki, dole ne a san hanyar da sauti yake bi a cikin akwatin. Sigina tana shiga ta eriya zuwa na'urar kama tasha, daga nan ta wuce sashen da yake ware hoto daga sauti, sautin ya bi ta matatar da aka ambata zuwa mai fassara shi, sa'annan ya ratsa abin ƙara murya da rage ta, ya shiga amfilifaya, ya ƙare a lasifika. Mai gyara yana neman gaɓar da ke tsakanin mai fassara da abin ƙara murya, ya yanke layin tagulla a kan allon lantarkin akwatin, ya sa makunni mai zaɓi biyu, ta yadda akwatin zai karɓi sauti ko dai daga tasha ko daga gem. Kayan aikinsa ba su wuce ƙarfen narka dalma da mita da sukuddireba ba, kuma da yake taswirar allon ba kasafai take samuwa ba kafin zuwan intanet, sai ya dogara ga lambar da ke jikin ƙananan kwakwalwan lantarki, irin su TDA8362 na kamfanin Philips, wanda ya haɗa ayyukan hoto da na sauti da yawa a wuri guda, da kuma abin da ya haddace daga akwatunan da suka riga suka bi ta hannunsa.

Kowane kuskure a wannan haɗi yana da irin ƙarar da yake yi, kuma gwanintar mai gyara tana cikin kunnensa, kamar yadda makanikin mota yake gane ciwon inji daga kukansa. Idan ba a yanke tsohon layin ba, shuuu ɗin tashar da ba ta kama ba yana cakuɗa da sautin gem. Idan aka manta da kapasito, wato ɗan abin da yake barin sauti ya wuce amma ya tare tsayayyiyar wuta, murya takan shaƙe ko ta ɓace, wani lokaci ma na'urar gem ta lalace. Gunji mai kauri da ba ya canjawa yakan nuna cewa an ɗauki layin ƙasa daga wurin da bai dace ba, ko kuma an samu layukan ƙasa biyu da suka yi zobe, sai zagayen wutar gari mai 50 a daƙiƙa ya shiga sautin, yayin da gunjin da ya ɗan fi wannan kaifi yakan fito daga babban kapasiton tace wuta da ya bushe. Siririn fito mai huda kunne yana nuna cewa wayar sauti ba ta da rufin kariya kuma ta bi kusa da taransifomar babbar wuta, wadda take aiki sau 15,625 a daƙiƙa. Ƙarar da take ƙaruwa idan hoto ya yi fari kuwa alama ce ta cewa siginar hoto tana tsallakawa cikin wayar sauti.

Akwai kuma matsalolin da ba su da ƙara. Da yawa daga akwatunan ƙarshen shekarun 1980 zuwa gaba suna da tsarin da yake kashe murya da kansa idan bai ga tasha ba, don haka haɗin yana iya zama daidai amma lasifika ta yi shiru har sai an gano wannan layi an shawo kansa. Akwati mai lasifika ɗaya yana bukatar a haɗe sautin hagu da na dama ta hanyar 'yan resistoci biyu, domin murɗe wayoyin biyu kai tsaye yana wahalar da na'urar gem, barin ɗaya a sake kuma yana zubar da wani ɓangare na sautin wasan. Wanda ya sauya lasifika da irin ta rediyon mota, wadda maganaɗisunta ba shi da rufi, yakan ga launin kusurwar hoto ya jirkice. Haɗari mafi girma shi ne na akwatunan da layin ƙasansu yake haɗe kai tsaye da wutar gari ba tare da taransifomar da ta raba su ba, domin dasa ramin ƙarfe a bayan irin wannan akwati yana kai wutar gari ga hannun yaron da zai taɓa wayar, kuma ba a yin aikin sai an sa abin da zai raba ɓangarorin biyu.

Koma bayan kwalba da sabuwar bukata

Daga tsakiyar shekarun 2000 talabijin mai faifan fuska ya fara kore mai kwalba, Sony ya daina ƙera talabijinsa mai kwalba na Trinitron a 2008 bayan shekaru 40, kuma komawar ƙasashen Turai ga watsa shirye-shirye na dijital, wadda Ingila ta kammala a 2012, ta ƙara tura tsofaffin akwatuna zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma. Na ɗan lokaci masu gyara sun tsawaita rayuwar akwatunan ta hanyar cire allon asali gaba ɗaya su sa allon Sin mai dacewa da kwalabe iri-iri, wanda yake zuwa da ramukan bidiyo da rimot, kuma yana karɓar tsare-tsaren sauti da yawa, abin da ya rage bukatar tsohuwar gwanintar canja matata. Da yawa daga cikin yaran shago sun koma gyaran wayar salula a kasuwar Farm Centre da titin Beirut, ko gyaran kayan wutar sola, akwatunan kuma suka koma hannun 'yan bola jari, waɗanda suke fasa su domin tagullar da ke wuyan kwalba, su bar gilashi mai ɗauke da dalma a juji.

A daidai lokacin da wannan yake faruwa ne masu sha'awar tsofaffin wasanni a ƙasashe da dama suka fara neman akwatin mai kwalba, bisa dalilai na fasaha. An zana waɗancan wasanni ne domin yadda kwalba take shimfiɗa layuka da cakuɗa launuka, kwalbar tana nuna hoto nan take ba tare da jinkirin sarrafawa da akwatin zamani yake yi ba, kuma bindigar wasan Duck Hunt ba ta aiki da talabijin na zamani saboda ta dogara ga wannan saurin. Tambayoyin da waɗannan mutane suke yi game da gunji da shirun lasifika da haɗarin wuta su ne waɗanda masu gyara a Sabon Gari da Fagge suka amsa da hannunsu shekaru talatin da suka wuce. Bambancin shi ne ilimin Kano ya kasance na baka da na kallo, daga maigida zuwa yaro, kuma sarƙar koyonsa ta raunana tun da yaran suka koma wasu sana'o'i. Wanda yake son rubuta tarihin fasaha a Kano yana da aiki biyu masu gaggawa, wato tattara bayanan dattawan sana'ar tun suna raye, da kuma adana samfurin akwatunan da suka gyara, domin layukan da suka yanke da wayoyin da suka dasa su ne rubutacciyar shaidar abin da suka sani.